Yaƙi da Jahilci da Matsalar Abin Karantawa: Darasi daga NORLA da Kano

Gabatarwa

Wannan muƙala ta dubi tambaya guda: idan gwamnati ta koya wa baligi karatu, me zai karanta bayan ya bar aji? Karatun da ba a maimaita shi yakan dushe.

Zamanin NORLA

A farkon shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, ta kuma kafa hukumar NORLA a Zariya domin samar wa ɗaliban abin karantawa. Hukumar ta buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna, irin su Zaruma ta Sakkwato da Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano. Manomi ya riƙa ganin labarin lardinsa a rubuce. An rufe hukumar a 1959.

Zamanin Rimi

A 1980 gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, wadda UNESCO ta karrama a 1983. Matan aure da dama sun shiga azuzuwanta. Daga tsakiyar shekarun 1980, marubutan adabin kasuwar Kano, masu buga littattafai da kuɗin aljihunsu, su ne suka ciyar da waɗannan sababbin makaranta. Balaraba Ramat Yakubu ma ta bi ta ajin manya kafin ta zama marubuciya.

Kammalawa

Kasafin ilimin manya da ya tsaya ga alli da allo bai cika ba. Wajibi ne a ware wa ɗab'i da rarraba littattafan Hausa kasonsu.