Amsoshin Tambayoyinku: Sabuwar Ƙasa, Sabon Aiki, Sabuwar Shekara

Tambayarmu ta yau ta fito ne daga wata mai sauraronmu, ma'aikaciyar jinya da ta koma birnin Manchester na Ingila. Ta ce ta rubuta ƙudurori takwas na sabuwar shekara, amma aiki ya sha kanta, ko ɗaya ba ta cika ba. Shin gazawa ce?

To Malama, sannu da ƙoƙari, kuma ba gazawa ba ce. Cikakken aiki a asibitocin gwamnati na NHS sa'o'i 37 da rabi ne a mako, kuma sau da yawa ana yin sa ne a tsayuwar sa'o'i 12, wani lokaci cikin dare. Ga shi watan Janairu, da ake ɗaukar waɗannan alkawura, tsakiyar hunturu ne a can. A Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, mutum ya fita cikin duhu ya dawo cikin duhu. Wanda ya tashi a Kano ko Maraɗi dole jikinsa ya ji wannan. Shi ya sa hukumomin lafiyar ƙasar ke ba masu baƙar fata shawarar shan bitamin D a duk tsawon shekara.

A ganinmu takwas sun yi yawa. Ki ɗauki biyu: barci isasshe, da kiran gida a rana tsayayyiya kowane mako. Sabon ma'aikacin NHS yana da hutun kwana 27 a shekara, ki tsara shi tun yanzu, musamman idan kina son yin Sallah tare da su Hajiya. Idan kuwa ƙarin karatu na cikin ƙudurorinki, ki bari sai bazara ta shigo.