Fara da Ɗaya Tukuna, Ɗana

Ɗana, na ga takardar da ka manta a kan tabarmata daren jiya. Yarukan kwamfuta har bakwai ka jera, kana so ka iya su duka kafin ka gama da Jami'ar Modibbo Adama ka nemi digiri na biyu a fannin nukiliya. Himmarka ta faranta mini rai ƙwarai. Sai dai ka san taura biyu ba ta taunuwa, balle bakwai.

Ka fara da Python. Kyauta ne, ba ya wahalar da mai koyo, kuma wannan tsohuwar kwamfutar taka da ke ɗaukar zafi kamar kaskon masa a watan Afrilu za ta iya da shi. Kada ka tsaya kallon darussa a waya kawai. Ɗauki aiki ƙarami ka yi da hannunka. Sinadarin ayodin-131 yana raguwa da rabi duk kwana 8 ko kusa da haka. Rubuta umarnin da zai lissafa abin da ya rage bayan kwana 40, ya zana maka hoton raguwar. Idan amsar ta fito kashi ɗaya cikin 32, ka kama hanya. Idan ba ta fito haka ba, zauna ka nemo inda ka kauce, domin a wannan neman ake zama gwani.

Na lura ka ja layi a kan Fortran, wai ya tsufa. Gaskiya ne, tun 1957 kamfanin IBM ya fito da shi. Amma MCNP, manhajar Los Alamos ta Amurka wadda ke bin sawun miliyoyin ƙwayoyin nutron ɗaya bayan ɗaya ta hanyar ƙuri'a, da Fortran aka gina mafi yawanta. A cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai ƙaramar tukunyar nukiliya, NIRR-1, ƙirar Sin, wadda ta fara aiki a 2004. A 2018 aka sauya mata makamashi zuwa yuraniyom marar ƙarfi sosai, kuma da irin waɗannan manhajoji malamanmu suka yi lissafin. Ba na ce ka ƙware a rubuta shi ba. Ka dai iya karanta shi, yadda ranar da malaminka ya miƙo maka aikin da ya girme ka ba za ka yi zuru ba.

MCNP sai da lasisi, samunsa kuwa da wuya daga nan. OpenMC, da aka fara a jami'ar MIT a 2011, kowa na iya saukewa. Da C++ aka rubuta cikinsa, amma da Python ake ba shi umarni. Ka ga abin da ya sa na ce ka fara da Python. Shi C++ ɗin bar shi sai aiki ya kai ka gare shi. Tsarin sarrafa kwamfuta na Linux kam ka saba da shi tun yanzu.

Kuma don Allah kada ka saki lissafin aji. Kwamfuta za ta ba ka lamba ko da tambayarka karkatacciya ce, kai ne za ka gane lambar ba ta yi kama da gaskiya ba.

Ranar Juma'a, idan mun sauko daga masallaci, tsallako Jimeta da kwamfutarka da cajinta a cike. Ina so in ga hoton ayodin nan da idona.