Me Ya Sa Ɗaki Ba Ya Gyara Kansa?

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin kwanan ɗalibai ya san abin da ke faruwa tsakanin Asabar da Laraba. Ranar Asabar da safe, kafin malamai su zo duba ɗakuna, gadaje a gyare suke, takalma a jere, kowane littafi a mazauninsa. Kafin Laraba kuwa, safa ɗaya tana ƙarƙashin gado, ɗayar tana cikin bokiti, littafin lissafi ya yi ɓatan dabo. Babu wanda ya tashi da niyyar hargitsa ɗakin. To, wa ya hargitsa shi?

Masana kimiyya suna da wata kalma da za ta taimake mu, wato entirofi. Wani Bajamushe mai suna Rudolf Clausius ne ya ƙirƙiro ta a 1865, yayin da yake nazarin zafi. Ya lura cewa zafi yakan bar abu mai zafi ya tafi ga mai sanyi, ba ya komowa da kansa. Shayin da muka ajiye hucewa yake yi; ba mu taɓa ganin kofi ya zuƙo zafi daga iskar ɗaki ya tafasa ba. A 1877 Ludwig Boltzmann, mutumin Ostiriya, ya nuna cewa asirin abin lissafi ne: hanyoyin da abubuwa za su watse sun fi hanyoyin da za su tsaru yawa, nesa ba kusa ba.

Bari mu gwada da kantar littattafai. Littattafai 5 za a iya jera su ta hanyoyi 120. Idan suka zama 10, hanyoyin sun kai 3,628,800. A cikin waɗannan duka, ɗaya tak ce ta dace da jerin da muka tsara. Ashe duk sa'ad da muka mayar da littafi inda hannu ya kai, caca muke yi, kuma faɗuwa ta fi ci kusa. Haka idan muka zuba mudun gero da mudun dawa a ƙwarya ɗaya muka girgiza. Ko mun kwana muna girgizawa, ba za su ware tsaf kamar yadda suke da farko ba.

A nan malamanmu na kimiyya za su ja mana kunne, kuma da gaskiyarsu. Entirofi na ainihi magana ce ta zafi da ƙwayoyin zarra, ba ta safa da takalma ba. Kwatance kawai muke yi, kada wani ya je ya rubuta "ɗaki mai tarkace" a takardar jarrabawa.

Amma kwatancen yana da sauran amfani. Firiji yana sanyaya ruwa, to amma mu taɓa bayansa mu ji zafin da yake fitarwa, ga kuma wutar da yake ci. Tsari ba ya samuwa kyauta, kuma ba a biyan kuɗinsa sau ɗaya a huta. A nan Nassarawa muna da shaida kusa da mu. Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna sa'ad da ya buɗe makarantarsa a 1909, ginin ƙasa ne, kuma yana tsaye har yau domin ana bin sa da gyara da yaɓe. Ganuwar Kano, wadda aka fara ginawa zamanin Sarki Gijimasu, ta fi shi girma da kauri, amma a wurare da dama da aka daina kula da ita, ruwan sama da masu ɗibar ƙasa sun mai da ita tudu. Ƙurar hunturu ma haka take yi mana: mu goge tebur da safe, kafin azahar a iya rubuta suna a kansa da yatsa.

Mu a ganinmu, abin da ɗalibai suka fi mantawa shi ne yawan kaya. Mun ga yadda ƙarin littattafai 5 kawai ya ɗaga 120 zuwa miliyoyi. Lokar da ke cike da takardun aji ɗaya, da biro marasa tawada, da kwalaben man shafawa da suka ƙare, ba za ta zauna a tsare ba ko ana gyara ta kullum. A cikin irin wannan loka ne takardar da ake bukata takan ɓuya daren jarrabawar WAEC, a ɓata awa guda ana nema da tocila, sannan a same ta bayan mako biyu a naɗe cikin rigar wasanni.