Kafin ka ce manhaja ta lalace, duba kebul

'Yan'uwa masu haɗa kwamfutoci a makarantu da shagunan intanet, daga Burumburum zuwa Tudun Wada da Doguwa, akwai kiran da na saba samu: "Malam, Wireshark ya cika da jan rubutu, wai lambar tantancewa ba daidai ba ce." Sau da yawa kafin in iso har an goge manhajar an sake loda ta, a banza.

Duk ƙunshin bayanan da kwamfuta za ta aika, sai an lissafa masa wata lamba mai bit 16 an liƙa, tsarin da TCP ke bi tun 1981. Kamar mai masara ne ya auna buhu ya rubuta nauyin a jiki, mai saye ya sake aunawa. In lissafi bai zo ɗaya ba, zuciyar manhajar Linux ta yar da ƙunshin, a sake aikowa.

To, a kwamfutocin yanzu, katin sadarwa ake bar wa wannan lissafi don a rage wa injin nauyi. Wireshark kuwa yana leƙa ƙunshin da zai fita tun kafin ya isa katin, wato buhun da ba a rubuta wa nauyi ba tukuna. Don haka in kuskuren a kan masu fita ne kaɗai, ƙarar banza ce. Ka gwada da ethtool -K eth0 tx off. In jan rubutun ya ɓace, ka mayar da shi yadda yake, ka kama gabanka.

Masu shigowa su ne abin tsoro. Buga netstat -s ka duba InCsumErrors, sannan ethtool -S ka ga ko kurakuran CRC na ƙaruwa. In suna hawa, tashi ka bi waya. A wata makaranta na tarar kebul ya bi ta cikin silin, ɓera ya gaigaye bawonsa har jan ƙarfen ya fito, ga kan wayar da ƙurar hunturu ta toshe. Wani wurin kuma an ja kebul ya wuce mita 100, iyakar da aka yi masa, an ɗaure shi tare da wayar janareta.

Ba wai manhaja ba ta kuskure ba. A ƙarshen 2015 injiniyoyin Twitter sun gano wani lahani a sashen veth na Linux, wanda ke miƙa gurɓatattun bayanai ba tare da an tantance su ba. Amma a nan yankinmu, zafi da ƙura da wuta mai rawa sun fi shi yawan ɓarna.

Don Allah, kada ku taɓa manhajar da ke aiki sai kun canja kebul kun gwada wani ramin a na'urar rarrabawa.