Darasi: Ɗaukar Hoton Tsuntsayen Gonarmu

'Yan'uwa manoma, yau yawancinmu muna da waya mai ɗaukar hoto a aljihu. Mukan ɗauki hoton biki da na taron ikilisiya, amma ba safai mukan tuna da tsuntsayen da ke kewaye da mu ba. A Matiyu 6:26 Ubangijinmu Yesu ya umurce mu mu lura da su, a Irmiya 8:7 kuma an yabi shamuwa domin ta san lokacinta. Ɗaukar hotonsu abin jin daɗi ne, yana kuma koya mana sanin masu taimakonmu da masu yi mana ɓarna.

Waɗanda za mu fara da su

1. Shamuwa. Takan iso garuruwanmu gab da damina, ta yi sheƙa a kan manyan itatuwa, tana cin fara da tsutsa. Da kaka sai ta koma kudancin Afirka. Waya tana ajiye ranar da aka ɗauki kowane hoto, saboda haka za mu iya gwada zuwanta na bana da na bara. Amma kada mu yi shuka don ganinta kaɗai, sai ƙasa ta jiƙu sosai.

2. Balbela. Tana bin shanu tana kama ƙwarin da suke tayarwa. Ba ta cika tsoron mutum ba, ita ce mafi sauƙi ga mai koyo.

3. Mujiya. Waɗansu suna jifanta don camfi, alhali ɓerayen da ke cin hatsinmu take kamawa da dare.

4. Jan-baki. Wannan kam maɓarnaci ne, garkensa kan cinye dawa da gero da shinkafa. In mun gan shi da yawa, mu nuna wa malamin gona hoton da wuri, mu faɗi inda suke kwana.

5. Ungulu. Da can kowace mahauta tana da ita, tana kwashe mushe. Yanzu ta yi wuyar gani saboda guba da masu kama ta don tsafi. A 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. Wanda ya sami hotonta ya sami abin nuna wa jikoki.

Yadda za mu yi

Mu fita da sassafe ko da la'asar, rana tana bayanmu. Mu goge idon kyamara, mu riƙe waya da hannu biyu. Kada mu bi tsuntsu, gara mu zauna shiru ya zo da kansa. Da rani mu ajiye kasko da ruwa a gindin itace, kurciya da ƙananan tsuntsaye za su riƙa zuwa kullum. Kada mu taɓa sheƙa ko ƙwai don neman hoto.

Mu ja yaranmu cikin wannan aiki. Yaron da ya saba jiran tsuntsu don ya ɗauki hotonsa ba zai yi saurin ɗauko danƙo ba.

Tambayoyi don taron ƙungiya

(a) Waɗanne tsuntsaye ne iyayenmu suka sani waɗanda ba mu ganinsu yanzu?
(b) Wa zai riƙe littafin da za mu rubuta ranar zuwan shamuwa kowace shekara?

Kowa ya zo da hoto ɗaya a taro na gaba, da sunan tsuntsun cikin Hausa da cikin yarensa. Allah ya ba mu damina mai albarka.