Bayan Tiyatar Ƙugu: Abin da Mai Jinya Zai Riƙa Dubawa

A yawancin gidajenmu, da zarar an sallamo wani daga asibiti, ɗan makarantar gidan ake miƙa wa takardu a ce, "Kai da ka yi boko, duba mana." Ba ruwan kowa da ko injiniya kake karantawa ko akanta. Shi ya sa darasinmu na wannan fitowa zai tsaya kan jinyar wanda aka yi wa tiyatar faifan ƙashin ƙugu, musamman wurin ɗinkin, domin a gida ne yawancin matsalolinsa ke bayyana, lokacin da likita ba ya kusa.

Ƙashin baya ba sanda guda ba ne, ƙasusuwa ne a jere kamar 'ya'yan carbi. Biyar daga ciki suna ƙugu, likitoci na kiran su L1 zuwa L5, a ƙarƙashinsu kuma akwai S1. Tsakanin kowane biyu akwai faifan guringuntsi, wanda za ka ji ana ce wa diski a asibiti. Bangonsa tauri gare shi, cikinsa kuwa laushi. In bangon ya tsage, na cikin sai ya ɓullo ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa, mutum ya ji azaba daga ɗuwawu har tafin sawu kamar ana ja masa wayar lantarki. Wajen tara cikin goma na wannan matsala a faifai biyu na ƙarshe take faruwa, wato L4-L5 da L5-S1. A 1934 ne likitoci biyu a Boston ta Amurka, Mixter da Barr, suka wallafa bayanin da ya tabbatar wa duniya cewa fashewar faifan ce ke kawo ciwon, kuma tiyata na iya magance shi. A 1977 Yasargil da Caspar, kowa a nasa ɓangaren, suka bayyana yadda ake aikin da madubin ƙara girma ta ƙaramin yanka. Mafi yawan masu ciwon suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da wuƙa ta taɓa su ba. Waɗanda ciwon ya ƙi saki, ko ƙafa ta fara mutuwa, su ake kaiwa ɗakin tiyata a manyan asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Ga inda mutane ke ruɗuwa. Yankan da ake gani a fata sau da yawa bai wuce santimita 2 zuwa 4 ba, sai dangi su leƙa su ce ashe ma ɗan abu ne. Amma ta wannan 'yar ƙofa likita ya ratsa fata da kitse, ya ture tsoka gefe, ya ɗan gutsuri ƙashi, ya isa dab da jakar da ke lulluɓe da jijiyoyi. Bakin rijiya ne ƙarami, zurfin na nan. Duk abin da ya shiga ta sama yana da hanyar da zai bi ya sauka can.

A kwanakin farko akwai abubuwan da ba na tashin hankali ba ne. Ciwon ƙafar kan ragu tun da wuri, amma mutuwar jiki da minjirya sukan ɗauki makonni ko watanni, domin jijiya ba ta warkewa da gaggawa. Wurin yankan zai yi ciwo, bandeji zai ɗan jiƙe da ruwa mai jaja-jaja kwana ɗaya ko biyu, jiki ma kan ɗan yi ɗumi. Ana tayar da mutum ya taka tun ranar aikin ko washegari, zaren da ba ya narkewa kuma akan cire shi tsakanin kwana 10 zuwa 14. Abin da mai jinya zai riƙa tambayar kansa kullum shi ne: yau ta fi jiya ko jiya ta fi yau? Ciwon da ke raguwa a hankali, ko da yana da yawa, yana kan hanya. Wanda ya lafa sannan ya dawo da ƙarfi a kwana na biyar ko na goma, shi ne abin bincike.

Ruɓewar ɗinki ita ce ta farko. A wannan aiki ba ta da yawa, kamar mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari, ta fi yawa idan an saka ƙarfe. Ƙwayar cutar da ta fi jawo ta sunanta Staphylococcus aureus, kuma ba daga nesa take zuwa ba: tana zaune a fata da hancin kusan mutum ɗaya cikin uku masu ƙoshin lafiya. Wanke hannu da sabulu kafin a taɓa bandeji ba iyayi ba ne ke nan. Littattafan asibiti za su ce maka ka duba ko wurin ya yi ja, to amma a baƙar fata irin tamu ja ba ya fitowa sosai. Abin da zai fi yi maka amfani shi ne ka kara bayan hannunka a gefen bandejin ka gwada zafinsa da na wani sashen bayan, ka lura da kumburi, da sheƙin fata, da wari, da mugunya, da bakin yankan da ya fara rabuwa. Ka ɗauki hoton wurin da waya duk lokacin da aka buɗe don sauya bandeji, a haske iri ɗaya. Ka sayi ma'aunin zafin jiki. In ya kai digiri 38 bayan kwana biyun farko, kar a yanke hukuncin cewa maleriya ce a tsaya nan. Ko gwaji ya nuna maleriyar, a bar likitan da ya yi aikin ya ga bayan.

A nan zan ɗan tsaya, don abin na ci mini tuwo a ƙwarya. Akwai masu fasa kafso, wanda ake kira ja da yalo, su barbaɗa garin a kan ɗinki. Akwai masu shafa man zafi, da masu gasa wurin da tsumma da ruwan zafi kamar targaɗe, da masu kiran wanzami ya yi ƙaho a gefen. Duk cikin ƙauna ake yi, amma duk hanyoyi ne na tura datti cikin rijiyar nan. Sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis ma yana da tasa illar da ba a cika sani ba: idan an koma asibiti, likita zai ɗebi ruwan wurin a shuka shi a ɗakin gwaji don a gane ƙwayar da maganin da ke kashe ta, kuma maganin da aka riga aka sha kan hana ta tsirowa. Sai a koma ana lalube cikin duhu.

Na biyu shi ne ruwan da ba mugunya ba. Ƙwaƙwalwa da laka suna cikin wani ruwa garau, kimanin mililita 150, jiki kuma yana samar da wajen rabin lita a kullum yana sabunta shi. Wani lokaci jakar ruwan kan ɗan huje yayin aiki, ko da a hannun ƙwararre, a ɗinke ta a nan take. In ta ci gaba da yoyo, za ka ga bandeji na jiƙewa da ruwa fari tas kamar na famfo, ko wurin ya yi ƙullutu mai laushi. Babbar alamarsa ciwon kai ne mai ban mamaki: in mutum ya zauna ko ya miƙe sai ya sara, in ya kwanta sai ya lafa. Kar a ce rana ce ko yunwa. Ta hanyar da ruwa ke fita ƙwayar cuta kan shiga, ƙarshenta sanƙarau. In wuya ya sanƙare ga zazzaɓi, ko haske ya fara damun ido, a ɗauke shi a tafi.

Na uku ya fi wayo, domin fata na iya warkewa sumul alhali gurbin faifan a ciki yana ruɓewa. Yakan bayyana bayan mako ɗaya zuwa 'yan makonni, da ciwon baya mai tsanani wanda ko juyi a gado ko girgiza katifa sai mutum ya yi ihu, kuma ba lallai a ga zazzaɓi ba. Gwajin jini na ESR da CRP da hoton MRI ke tona shi, maganinsa kuma yakan kai mako 6 ko fiye. Irin waɗannan marasa lafiya ne ake yi wa gorin raki a gida, don kowa na ganin ɗinkin ya warke.

Akwai kuma alamun da ba a jira gari ya waye a kansu. Laka tana ƙarewa ne a wajen L1 zuwa L2, daga nan jijiyoyi ke zubowa ƙasa kamar jelar doki, kuma su ke riƙe da fitsari da bayan gida. In jini ya taru ya danne su, fitsari zai ƙi fita ko ya riƙa zuba ba a sani ba, tsakanin cinyoyi da wurin zama su mutu, ƙafafu su yi nauyi. Awoyi ake lissafawa a nan, ba kwanaki ba. Dattijo ba zai faɗa wa ɗansa ko 'yarsa wannan kai tsaye ba saboda kunya, don haka ka nemo dabarar tambaya, ko da "Baba, in kin yi tsarki..." ba ta dace da bakinka ba, ka ce, "Baba, fitsari yana fita daidai kuwa?" ko ka sa wanda ba ya jin nauyinsa ya tambaya. Haka nan kumburin sha-raɓa ɗaya mai ciwo, ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya, alamar gudan jini ce, ita ma ta gaggawa.

Wasu sun fi wasu shiga haɗari. Mai ciwon sukari da sukarinsa ke sama, da mai ƙiba sosai, da mai shan taba ko shisha, domin nikotin na matse ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da rauni. Sai masu shan ƙwayoyin ƙiba irin su dexamethasone, waɗanda ke raunana garkuwar jiki. Duk mai sha ya faɗa wa likita tun kafin aiki, kar kuma ya daina farat ɗaya da kansa. Batun hana mai ɗinki ƙwai ko nama wai suna kawo mugunya ba shi da tushe. Da su, da wake da kifi da madara, jiki ke gina sabuwar tsoka.

Sauran kuwa lamarin yau da gobe ne. Tafiya kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini ta fi kwanciya. Likitoci da dama kan hana sunkuyo da murɗa ƙugu da ɗaukar kaya masu nauyi na mako 4 zuwa 6, ka ga bokitin ruwa da jarka sun fita ke nan, haka ma hawa acaɓa a hanya mai gargada. In za a tashi daga gado, a mirgina gefe gaba ɗaya kamar gungume, a sauke ƙafafu, a tura jiki da hannu. Masai na tsuguno yana wahalarwa, kujerar roba da aka huda tsakiyarta tana rage wahalar. Magungunan ciwo irin su tramadol suna ɗaure ciki, yunƙuri kuma yana tayar da ciwon, sai a yawaita ruwa da ganye da gwanda. Salla a zaune kan kujera halas ce ga wanda ruku'u da sujada za su cutar, wannan sananne ne a wurin malamanmu. Wanka kuma sai yadda likita ya ce, ban da jiƙa wurin cikin ruwa.

Faifan da aka yi wa aiki na iya sake ɓullowa, a wajen mutum 5 zuwa 15 cikin ɗari, kuma alamarsa ita ce tsohon ciwon ƙafar nan ya dawo bayan ya tafi. In ɗalibi ne aka yi wa aikin, ya karɓi takardar asibiti ya kai wa shugaban sashensa tun da wuri, domin zaman awa uku a bencin jarrabawa ba zai yiwu ba a makonnin farko sai an ba shi damar miƙewa lokaci-lokaci. Kafin a baro asibiti kuma, a tambayi lambar da za a kira cikin dare, da ranar cire zare, da ranar fara zuwa wurin likitan gashin ƙashi, a rubuta su a bayan katin.