Shugabancin Karɓa-Karɓa da Masu Binciken Ƙwadago a Turai

A Tarayyar Turai akwai majalisar ministocin ƙasashe 27, wadda shugabancinta yake zagayawa. Kowace ƙasa takan riƙe kujerar wata shida kacal, sa'an nan ta miƙa wa ta gaba. Ran da na fara jin haka sai na ce a raina, me mutum zai gama cikin wata shida? Mu nan ko shugaban ɗalibai shekara guda yake yi, amma kafin ya san kan aikin sai ka ga ya sauka.

Ga misali. A Oktoban 2020 aka gabatar da shirin doka a kan mafi ƙarancin albashi, Jamus tana kan kujera. Fotugal ta zo ta wuce, Silobeniya ma haka. Sai a zamanin Faransa aka daidaita, cikin Yunin 2022, kuma ba a zartar ba sai Oktoba, a hannun ƙasar Cek. Ƙasa biyar ke nan a kan magana ɗaya, lebura kuwa yana can yana jira.

To, wa ke riƙe da zaren? Cikinsu akwai wata hukumar bincike mai suna Eurofound, wadda aka kafa a 1975, mazauninta Dublin ta ƙasar Ailan. Tun 1990 take aika mutane su tambayi ma'aikata: awa nawa kuke yi, aikin yana cutar da lafiyarku? Kowace shekara kuma takan fitar da rahoton mafi ƙarancin albashin ƙasashen. Masu binciken nan ba su da ƙuri'a a majalisa. Amma duk ministan da ya hau, in zai yi gardama a kan albashi, alƙalumansu yakan tarar a kan tebur.